Ba Wanda Ya Danna Jan Maɓalli

Hedfors, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Vendela,

Gaisuwa mai tarin yawa daga nan arewa, da fatan takardar nan za ta tarar da ke cikin ƙoshin lafiya. Mu dai lafiya lau muke. Ƙanƙara ta sauka tun makon jiya, rana kuwa leƙowa kawai take yi ta koma, kamar mai ɓatan gida. Gwiwar maigidana Halvar ta motsa yadda ta saba duk shigowar sanyi. Ba ta hana shi zuwa kamun kifi, sharar ƙofar gida kaɗai take hana shi. Kunnena na hagu yana nan yadda kika san shi. Shekarun da na yi ina tuƙin jirgi cikin ramukan birninku ba su bar mini komai a cikinsa ba, shi ya sa har gobe takarda ta fi mini waya.

Bayan haka, na ga labarin sababbin jiragenku na ƙarƙashin ƙasa a talabijin. Wai in ruwan ƙanƙara ya shiga ƙarƙashin tarago sai birki ya kama kansa, jirgi ya ƙame a tsakiyar rami. Wai an janye rabinsu, sauran kuma suna tafiya da ƙyar. An nuno dandamalin tashar Tegelbo cike maƙil, mutane kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kallon takalminsa. Na matsa kusa da akwatin ko zan hango ki ta gilashin direba, Halvar ya ce in koma in zauna, ba ni kaɗai na biya kuɗin talabijin ɗin ba.

Ba tsoro nake ji miki ba. Ni na koya miki, kuma tun kina ƙarama, ranar da mahaifinki ya kawo ki ɗakina kika hau kujerar kicin da ludayi a hannu kina sanar da tashoshi, na san jinin aikin nan yana jikinki. Tuni kawai zan yi miki, irin wanda na yi wa sababbin ɗalibaina na makarantar direbobi jiya. In jirgi ya tsaya a rami, ba birki ne abin tsoro ba, mutane ne. Wanda ya firgita shi ke ɓalle ƙofa ya diro kan layi mai wuta. Don haka ki yi musu magana. Kada ki bar shiru ya daɗe. Ki sauke murya, ki ja ta a hankali kamar mai karanta hasashen yanayi. Fasinja ba kalmominki yake saurare ba, numfashinki yake saurare.

Ki rubuto mini komai, ɗalibaina suna son labarin wadda take cikin abin. Ki riƙa cin abinci mai zafi.

Taki,
Goggo Gunvor

*

Birni, 9 ga Nuwamba

Goggo,

Na samu takardarki. Ina lafiya. Ki gaida Baba Halvar da gwiwa. Nan ƙanƙarar ba ta kwana, tana sauka tana narkewa.

Abin da kika gani haka yake. Ran Talata ya faɗo a kaina, da yamma lokacin tashi daga aiki, tsakanin Almvik da Tegelbo. Birki ya kama. Na yi duk abin da ake yi, bai saki ba. Masu kula da layi suka ce in jira makaniki, zai tako ta cikin rami. Mun yi kusan awa guda.

Na yi magana yadda kika koya mini. Ban bar shiru ya daɗe ba. Na ce musu ƙaramar matsala ce, ana kan gyara, kowa ya zauna inda yake. Jirgin a cike yake, amma ba wanda ya taɓa ƙofa. Ba wanda ya danna jan maɓallin kiran direba, ko sau ɗaya. Da muka isa Tegelbo an fitar da wani dattijo daga tarago na ƙarshe. Waɗanda aka tambaya daga baya duk bakinsu ɗaya: muryar direba ce ta kwantar musu da hankali, shi ya sa suka zauna.

An ba ni hutu. Sun ce in huta har in ji na shirya. Amma in Janairu ya ƙare ban hau jirgi ba, takardar tuƙina ta faɗi, sai dai a mayar da ni ƙofar tikiti. Pirjo, wadda aka ɗora wa kula da direbobin da abu ya samu, tana zuwa kowace safiya ta shanye mini kofi ta tafi.

Ba ni da wani labari.

Vendela

*

Hedfors, 14 ga Nuwamba

'Yata ta kaina,

Ina gaishe ki gaisuwar alfahari. Muna lafiya, gwiwa ta lafa, Halvar ya kamo kifi biyu ya ba da labarin goma.

Takardarki na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙa, da safa kawai a ƙafata, ban ma ji sanyin ba. Jirgi cike, cikin duhu, kusan awa guda, kuma ba wanda ya ko miƙa hannu ga maɓalli! Kin san abin da kika yi kuwa? Na shekara da shekaru ina koyar da wannan, ban taɓa ganin wanda ya kai shi nan ba, har ni kaina. Kada ki yi fushi, na tafi da ita aji na karanta musu. Na rubuta maganar fasinjojin a allo, na ce kowa ya kwafa. Wata ɗalibata, Noomi, ta tambaya ko za ki yarda ki naɗo mana muryarki su riƙa kwaikwayo.

Dattijon nan kada ya tsaya miki a rai. Tarago mai cunkoso, kowa cikin babbar rigar sanyi, ba a rasa mai jiri. Iska da ruwa kofi ɗaya sun ishe shi. Hutun kuma al'ada ce, kowa ana ba shi, ba ya nufin komai. Ki yi kwana biyu ki koma, da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Me ya kawo maganar Janairu da ƙofar tikiti?

Pirjo kuwa na san ta, ta hannuna ta bi. Bakinta ya fi birkinta ci. Ki ɓoye kofin mai tsada.

Taki mai cika baki da ke,
Goggo Gunvor

*

Hedfors, 6 ga Disamba

Vendela,

Ina fatan kina lafiya. Mu lafiya. An jera kyandirori a tagogin unguwa, mu ma mun sa namu.

Shiru ya yi yawa. Da farko na ɗora wa gidan waya, tunda yanzu sai sun ga dama suke hawowa nan. Sai na kira ki, ni da ba na son waya, ta yi ta ringi har ta gaji. Na ce ko kin koma aiki ne, ga ƙarancin jirage, ga canje-canjen lokaci. Amma a talabijin an ce an rufe wani ɓangare na layinku ana kwasar mutane a bas, to ina aikin da zai hana ki layi biyu?

Jiya na ɗauko takardarki daga jakar makaranta na sake karantawa, wannan karon a zaune. Kin ce an fitar da wani dattijo. Ba ki ce ya fita ba. Ba ki ce ya tashi ba. Na kai wajen na tsaya, na kasa wucewa.

Ga burodin kirfa nan cikin kwalin, da safar ulu. Ki rubuto, ko me ne ne.

Goggonki

*

Birni, 15 ga Disamba

Goggo,

Kwalin ya iso, na gode. Jikina lafiya. Likitan kamfani ya auna ni ya ce komai daidai. Ina barci, ina ci.

Sunansa Birger Ekvall. Mai gyaran agogo ne da ya yi ritaya. A ranar yana kan hanyar gidan 'yarsa, da ledar kifi a kan cinyarsa. Zuciyarsa ce. Ya rasu a motar asibiti, amma an ce abin ya fara ne jim kaɗan da tsayawarmu.

Matar da take zaune kusa da shi, Ulrika, ta nemi ganina bayan an gama bincike. Mun zauna a kantin kofi na gareji. Ta girme ni kaɗan, a ɗakin karatu take aiki. Ta riƙe kofinta da hannu biyu ba ta sha ba. Ta ce kansa ya kwanto a kafaɗarta, ta ɗauka gajiya ce, sai ta ƙi motsi don kada ya farka ya ji kunya. Ta ce mutumin da ke fuskantarsu ya kalle shi sau da yawa, duk suka haɗa ido da ita sai ya mayar da kansa kan waya. Wata da ke tsaye ta ga ledar kifin ta zame, ta ɗauka ta mayar masa kan cinya a hankali. Kowa ya gani, Goggo. Kowa yana kyautata masa.

Na tambaye ta maɓallin. Ga abin da ta ce, na haddace shi ba da niyya ba:

"Yana nan saitin kaina, ina ganinsa. Amma an rubuta a ƙasansa sai da gaggawa. Ke kuma kina can kina fama da jirgi, ga muryarki a natse. Na ce in da akwai abin damuwa ai da an ji a muryarki. Ban so in dame ki."

Ta ba ni haƙuri. Ni ma na ba ta haƙuri. Muka yi ta ba juna haƙuri har kofin ya huce.

Akwai ma'aikaciyar jinya a taragon da ke gaban nasu, tana karanta littafi. Daga inda nake zaune ina hango hasken Tegelbo a ƙarshen rami. Da an danna, da na yi cigiyar mai aikin asibiti ta lasifika, da masu kula sun kashe wutar layi an tako da gadon ɗaukar mara lafiya. Likita ya ce wataƙila da ya rayu, wataƙila kuma a'a. Ya faɗa sau biyu don in ji na biyun.

Bincike ya wanke ni. Ya wanke Ulrika. Birkin ma an ce laifin wani ɗan murfi ne da ba ya hana ruwa shiga, ana canja su ɗaya bayan ɗaya. An rubuta cewa direba ta nuna natsuwa abar koyi. Takardarki ta iso rana ɗaya da wannan. Ban ji haushinki ba. Matsalar ke nan, ba na jin komai. Na sa ta a kan firiji tare da ta masu binciken.

Da rana nakan sauka tasha in shiga jirgi kamar kowa, in zauna a tarago na ƙarshe, in je ƙarshen layi in dawo. Ina kallon mutane. Ba mai kallon kowa. Ran nan muka tsaya a rami na ɗan lokaci, direban ya yi magana, na ji salonki a bakinsa. Duk muka zauna. Har ni.

Pirjo ba ta fasa zuwa ba. Shekaranjiya ta ce in tashi in wanke gashina, wai na zama kamar tsumman goge tarago, 'yar gidan Gunvor guda. Ta ce ita da muryarta kamar ƙofar gareji, fasinjojinta ba sa haƙurin komai, da an tsaya sun danna sun fara zaginta. Ta yi dariya, sai ta daina. Ta cinye burodinki biyu.

Bayan ta tafi na tsaya a kicin na gwada sanarwar, in ji ko muryar tana nan. Na zaci za ta shaƙe. Ta fito sumul, ba ko gargada, kamar ranar. Shi ya sa ba zan iya komawa ba. Da ta karye da na koma.

Vendela

*

Hedfors, 21 ga Disamba

Vendela, 'yata,

Ina gaishe ki. Muna nan. Ba zan ce lafiya lau ba, amma ba mai ciwo.

Ki yafe mini takardar nan ta Nuwamba. Na karanta abin da nake so in ji, na tsallake abin da kika rubuta. Na goge allon da hannuna.

Kwana biyu ban ce wa kowa komai ba, har Halvar ya fara share ƙofar gida ba a sa shi ba. Sai na ga zama ba zai kai ni ko'ina ba. Kin tuna tsohon taragon da ke rumfar makaranta, wanda muke gwaji a ciki? Ran Laraba na cika shi da ɗalibai, na ce yau su ne fasinjoji. Na rage fitilu. Na shigo da Halvar da hularsa, ba su san shi ba, na ce baƙo ne daga ofis ya zo kallo. Na riga na gaya masa abin da zai yi. Na shiga ɗakin direba na ɗauki makirufo na yi sanarwata, wadda kika sani.

Ta tagar ƙofa ina kallo. Ya sunkuyar da kai. Ya jingina da wani dogon saurayi, Sixten. Ya saki safar hannunsa ta faɗi. Vendela, yaran nan watanni na yi ina nuna musu maɓallin nan, sun san wayar da ke bayansa, sun san launinta. Sixten ya gyara kafaɗa don tsohon ya ji daɗin jingina. Wata ta ɗauki safar ta riƙe masa. Na ci gaba da magana, su kuma suka ci gaba da zama, har Halvar ya buɗe ido ya ce in su ba za su cece shi ba ni in zo in cece shi, wuyansa ya ƙage.

Ba wanda ya yi dariya. Na tambaye su dalili. Ɗaya ya ce ya ɗauka barci ne. Ɗaya ta ce ta ga na kusa da shi bai damu ba. Sixten ya ce in ya tashe shi kuma ya zamana lafiyarsa lau, da wane ido zai kalle shi? Sai Noomi ta ce:

"Malama, ai cewa kika yi kowa ya zauna. In kin ce mu zauna, za mu zauna har a fitar da mu. In kin ce kowa ya tambayi na kusa da shi, za mu tambaya, tunda an ce."

Tun ranar nake juya maganar. Mutanenmu ba mugaye ba ne, kin fi kowa sani. Mu ne masu tsayawa nesa da juna a tashar bas cikin ruwan sama, mu ne masu barin yankan kek na ƙarshe a faranti har ya bushe. Izini muke jira. Na soma sake tsara darasin gaba ɗaya, kuma ina ganin in muka haɗa kai ni da ke, da abin da kika gani da abin da na gwada, za mu fitar da abin da kowace makaranta za ta ɗauka. Ki yi tunani. Ki zo mana Kirsimeti, gadonki yana nan.

Taki,
Goggo Gunvor

*

Birni, 2 ga Janairu

Goggo,

Barka da sabuwar shekara. Ina lafiya. Kirsimeti na yi ta a gidan Pirjo.

Kin sake mayar da shi darasi. Baba Halvar ya buɗe ido ya yi ƙorafin wuya. Birger bai buɗe ba. A takardarki duka ba ki ambaci sunansa ko sau ɗaya ba.

Kada ki ƙara karanta takarduna a aji. Na gaya wa shugaban gareji a shirya mini ƙofar tikiti. A can ba a magana da kowa.

Vendela

*

Hedfors, 8 ga Janairu

Vendela,

Ina gaishe ki, Halvar yana gaishe ki. Sanyi ya tsananta, mota ta ƙi tashi, da ƙafa nake zuwa makaranta.

Gaskiyarki. Ni ban iya ɗaukar abu mai nauyi ba sai in kai shi aji in raba wa yara, ban san wata hanya ba. Amma ba nawa ba ne da zan raba. Takardunki suna cikin aljihun tebur, ba za su sake fita ba.

Ran Lahadi na shiga coci bayan an watse, na kunna wa Birger Ekvall kyandir. Na zauna har ya ci rabi. Na yi ta tunanin kifin, ko wa ya kai wa 'yar tasa.

Ƙofar tikiti ba abin kunya ba ce. Ba don tuƙi nake son ki ba. Babu shawara a cikin wannan takardar, na duba sau biyu.

Goggonki

*

Birni, 30 ga Janairu

Goggo,

Ina gaishe ki da Baba Halvar, da fatan motar ta tashi. Ina lafiya. Safar tana ƙafata.

Kifin Ulrika ce ta kai. Na tambaye ta bayan na karanta takardarki. Ta ce ta tsinci kanta a dandamali da ledar a hannu, ta rasa yadda za ta yi da ita, sai ta bi bayan motar asibiti, a can ta miƙa wa 'yarsa.

Ran Alhamis na je gareji in ajiye makullina. Pirjo ta tare ni a ƙofar ofis ta ce ina na taɓa ganin an yi haka. Kin san al'adar, ku kuka bar mana ita: direba ba ya ajiye makulli a kan tebur, sai ya yi zagayen ban kwana da wani a gefensa, sannan a sha kofi da kek. Ta ce ta riga ta sayi kek ɗin, kuma ba za ta yi asara saboda ni ba. Ban da ƙarfin gardama. Zagaye ɗaya ne, da hantsi, ba cunkoso. Na hau.

An ba mu ɗaya daga cikin sababbin, wanda aka ce an canja masa murfi. Hannuna ya yi aikinsa shi kaɗai. Mun wuce Almvik, mun wuce wajen, ban ji komai ba. Mun je ƙarshen layi mun juyo. Can gaba da Tegelbo, inda ramin ke gangarawa, sai na ji fizgar birkin nan a ƙarƙashin kujera. Muka ƙame.

Pirjo ta ce ga kyautar ban kwana daga kamfani. Na kira masu kula ta oba-oba, suka ce in jira. Na juya na kalle ta. Ta harɗe hannuwa ta ce kada in kalle ta, ita yau fasinja ce.

Na ɗauki makirufo. Muryar tana nan a maƙogwarona, a shirye, sumul. Na riƙe ta ban sake ta ba. Shirun ya daɗe, da kina nan da kin rage mini maki. Ina kallon allon da ke nuna maɓallan taragu, duk a mace, kuma na san haka za su zauna ko za mu kwana. Sai na tuna Noomi, yarinyar da ban taɓa gani ba, wadda na ji haushinta wata guda. Da na buɗe baki, abin da ya fito kamar na mai mura ne, yana rawa.

"Sunana Vendela, ni ce direbarku. Birki ya kama, ban san yaushe za mu tashi ba. Kada kowa ya taɓa ƙofa, akwai wuta a layin. Yanzu kowa ya juya ya kalli na kusa da shi, ya tambaye shi ko lafiya. Mai barci a tashe shi. In kun gama, mutum ɗaya a kowane tarago ya danna jan maɓalli ya gaya mini. Ba shawara ba ce."

Sai na fara jin wani abu ta bangon bayana wanda ban taɓa ji a jirgi ba, gunaguni, kamar an buɗe ƙofar gidan biki daga nesa.

Tarago na farko ya kira. Wata mata ta ce duk lafiya, sai jariri da aka tasa bisa umarnina, ga shi nan in ina son jin ra'ayinsa. Na gaba wani mutum ne, ya ce ya tambayi maƙwabcinsa, ya ce masa lafiyarsa ƙalau kafin a taɓa shi. Wata tsohuwa ta kira don ta ji ko daga yau kullum haka za a riƙa yi, saboda ta san da wa za ta zauna. Pirjo ta toshe baki da hularta.

Fitilun allon suka kama ɗaya bayan ɗaya, ban da ta ƙarshe. Na jira. Na sake ɗaukar makirufo na ce, tarago na ƙarshe, ban ji ku ba. Na jira kuma. Na riga na miƙe zan nemi izinin takawa can, sai ta kama. Muryar wani mutum ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai neman gafara:

"Yi haƙuri, direba. Akwai wata a nan tana ganin jiri. Amma ta ce ba komai, wai kada mu dame ki."

Na ce masa, ku dame ni. Na ce ya tsaya kusa da maɓallin kada ya matsa. Na yi cigiyar mai aikin asibiti, aka samu wani a tsakiyar jirgi ya taka zuwa can. Na sanar da masu kula.

Ba komai ba ne, Goggo. Ba ta karya kumallo ba ne. Wani ya ba ta ayaba. Ko ba a danna ba, ba abin da zai same ta. Birkin ma ya saki da kansa kafin makaniki ya iso.

Sai da muka shiga tasha na ga ko kwalbar ruwa na kasa rufewa. Pirjo ta karɓa ta rufe mini, ta ce muryata ta lalace, madalla, yanzu na zama direba.

A gareji an yanka kek. Shugaba ya yi ɗan jawabinsa ya miƙo hannu ya karɓi makulli. Na tambaye shi wa ke da tuƙin safiyar Litinin. Ya ce ba kowa, kowa gudunta yake. Na ce a rubuta ni. Pirjo ta ce ba ta mayar da kek.

Ban san ko daɗi nake ji ba. Ban ce na warke ba. Jiya na yi kuka a kantin kayan miya, gaban kifi, wata mata ta tsaya nesa tana kallona, ta daɗe, sannan ta matso ta tambaye ni ko lafiya. Wataƙila a jirgina take ran Alhamis.

Wannan takardar kina iya kai ta aji. Ki fara da sunansa.

'Yarki,
Vendela